Hayaƙin Talata

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fito daga Farin Gada ta nufi cikin gari ya san hawan nan da manyan motoci ke nishi a kansa, kuma ya san tsohuwar da ke suya a gindinsa. Sunanta Kuburat, amma ba mai kiranta da shi. Iyayenta daga Ogbomosho suka zo tun zamanin haƙar kuza, ita kuwa a Jos aka yanke mata cibi, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Da safe ƙosai, da rana dankali da doya. In la'asar ta yi sanyi ta kwashe kaskonta ta koma Laranto, inda take da ɗaki ɗaya da rediyo ɗaya, ba kaza ba kyanwa. Da can Iya Jide ake ce mata, da sunan ɗanta tilo. Wata rana wani ɗan dako ya kira ta haka, ta ɗaga matsami ta nuna shi, ta ce in ya kuskura ya ƙara sai ya sha mai a fuska. Tun daga ranar ta koma Iya mai ƙosai.

Abin da ya haɗa ta da ɗan nata ba boyayye ba ne, duk unguwa an sani. Mijinta Ayinla direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin yana kai kayan gwari kudu, da ƙafa ta gaza ya miƙa wa Jide makulli. Ranar da Ayinla ya cika, Jide ya riga ya wuce Makurɗi da tumatir cike da mota, kayan mutane, aka same shi a waya. Tumatir ba ya jiran kowa, gawa ma ba ta jira. Ya tsaya a gefen titi ya yi kukansa, ya ga ko ya juya ba zai riski jana'iza ba, sai ya share ido ya ci gaba da tafiya. Kwana huɗu bayan nan ya dawo, ya tarar da ita a bakin ƙofa tana jiransa.

“Wanda ya zaɓi tumatir a kan ubansa ba shi da uwa a gidan nan,” in ji ta. “Kada ka sake taka ƙofata. Kada ka sake tsayawa a gabana.”

Ni dai a ganina laifin Jide bai kai haka ba. Amma wa zai tsaya gardama da mace mai takaba? Dattawan masallaci sun je sau uku, ta ba su ruwa suka sha, ta raka su ƙofa. Jide ya aiko da buhun shinkafa, buhun ya koma a keken da ya kawo shi. Shi ma kuma ba baya ba ne wajen taurin kai, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ɗauki maganar uwarsa yadda ta fito, ya kama haya a Dilimi, bai sake tsayawa a gabanta ba. Magana zarar bunu ce. Ita kanta kafin a yi arba'in ta yi nadama, amma ta gwammace ta haɗiye garwashi da ta ce ta yi kuskure. Haka aka kwashe shekara bakwai.

Sai dai akwai abin da babu wanda ya sani, har mu da muke sayen ƙosanta kullum. Hanyar Jide ta gabanta take. Kowace Talata bayan azahar yakan gama lodi a Farin Gada ya biyo hawan nan da motar ubansa, kuma motar tana da shaida. Marigayi Ayinla yana cikin tsofaffin direbobin nan da suka yi imani cewa motar da ba ta hayaƙi ba ta ƙoshi ba. Ya sa bakanike ya buɗe mata injekta tana shan dizal kamar ba gobe, ya kuma sa aka walda mata salansa a tsaye bayan kan mota, ya miƙe sama kamar bututun gidan burodi. In zai sauya giya a hawa yakan taɓa totur sau biyu a gajarce, sannan ya danna sau ɗaya da tsawo. Jide a gefensa ya koyi tuƙi, ƙafarsa ta ɗauki wannan ɗabi'a ba tare da ya sani ba. Saboda haka duk Talata, daidai gindin hawan, sai baƙin hayaƙi ya tashi sama, dunƙule biyu ƙanana da ɗaya dogo.

Idanun Kuburat sun yi yana tun kafin rasuwar mijin, kuma kowace shekara yanar ƙara kauri take. Fuskar mutum ba ta ganinta sai ya matso kamar zai sumbace ta. Motoci duk inuwa ce mai wucewa. Kunne kuma ba ya taimako a wurin, don tsakanin hon ɗin 'yan keke da rugugin tireloli da mai kaset ɗin wa'azi, ko tsawa aka yi sai an tambaya. Amma baƙi a kan farin sama, wannan tana gani sarai. Da zarar an sallame azahar ranar Talata sai ta riƙa satar kallon sama tana juya dankali. In dunƙulen farko ya tashi, sai ta miƙe kamar mai miƙar da baya, ta ɗaga fuska, leɓɓanta su shiga motsi. Addu'a take yi. Allah ya saukar da shi Hawan Kibo lafiya, gangaren nan mai cin motoci a hanyar kudu, Allah ya tsare shi daga barci da ɓarayi da birki mai yaudara, rabi da Yarbanci rabi da Hausa, da sauri kafin hayaƙin ya baje. Daga nan toka ta sauko mata, ta zauna a kan gyalenta da kan dankalin, ta shiga tari har sai ta dafa gwiwa.

Tarin nan ya daɗe da zama a ƙirjinta. In ta fyace hanci baƙi ne ke fita. Wata ma'aikaciyar jinya da ke sayen doya a wurinta ta sha gaya mata ta matsa daga bakin titi, ita kuwa sai ta ce kwastomominta sun saba da nan. Ƙarya take yi, da ta koma cikin layi ma za su bi ta. Wannan minti ɗaya na Talata shi ne duk abin da ya rage mata na ɗanta. Da shi take sanin yana raye, da shi take cin sauran kwana shida.

Sai wata Talata, farkon damina, hayaƙin bai tashi ba.

Ta jira har la'asar. Motoci sun wuce, wasu da hayaƙi ta ƙasa, wasu ta gefe, amma babu mai biyu da ɗaya. Ta ce a ranta wataƙila mota ta lalace, tsohuwa ce, ta girmi wasu masu aure. Ta kwashe kaya ta tafi gida. Talata ta biyu ta ƙona dankali kasko guda saboda kallon sama, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa. Talata ta uku ta zo da rediyonta wurin suya, ta manna shi a kunne duk lokacin labarai, tana jiran a ce wata motar tumatir ta faɗi a Hawan Kibo. An faɗi haɗari biyu a makon, ɗaya tankar mai, ɗaya bas. Ta yi wa mamatan addu'a, ta kuma ji kunyar sanyin da ya ratsa ta da ta ji ba shi ba ne.

Mai hankali zai ce ai sai ta tambaya. Haka ne. Farin Gada ba nisa, kowane ɗan lodi ya san Jide. Ta ma je. Ranar wata Alhamis ta hau keke ta sauka a bakin kasuwar da sunan sayen attaruhu, ta kutsa har wurin da manyan motoci ke tsayawa, tana taka ruɓaɓɓen kabeji, 'yan dako na ce mata “Hanya, Mama, hanya!” Ta tsaya kusa da wata rumfa da direbobi ke shan shayi, ta buɗe baki. Sunan ya zo har kan harshenta ya tsaya. Shekara bakwai ba ta furta shi a gaban mutum ba, kuma ta san in ta furta, kafin magariba labari ya kai Dilimi cewa Iya ta sauko. In kuma amsar da za a ba ta ita ce wadda take tsoro, to a tsakiyar kasuwa za ta ji ta, a gaban masu shayi. Ta sayi attaruhun da ba ta buƙata ta koma.

A makonnin nan ta rame. Takan dawo ɗaki ta zauna a bakin gado da kayan jikinta, ba ta kunna risho ba, ta ji maƙwabta na kiran 'ya'yansu su zo su ci tuwo. Wani tunanin ya fi na mutuwa ci mata rai, wato ko ya gaji ne ya sauya hanya, ko ya sayar da motar ya koma Ogbomosho wurin dangin ubansa bai ga dalilin sallama ba. In mutuwa ce, ai wani zai zo ya faɗa mata ko don a fita hakki. Shirun nan ya fi kama da na wanda ya haƙura da ita. Ta ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fita da Ayinla.

Ranar Litinin ta mako na shida Bernadette ta zo karɓar mai. Bernadette wata 'yar Filato ce da ta karanta ilimin sinadarai a jami'a, ta nemi aiki har takalminta ya cinye, ta haƙura ta kafa rumfa a bayan gidansu. Takan bi masu suya da gidajen abinci tana tattara tsohon man da ya yi baƙi, wanda da a kwata ake zubarwa ko a yi ta maimaita shi har ya koma kamar kwalta. Ta tace shi, ta dafa shi da sinadaranta, ya rabu biyu. Na sama ya zama man mota da take kira bayodizal, na ƙasa ta yi sabulu da shi. Duk jarkar da Kuburat ta cika mata, takan ba ta sabulu uku. Kuburat ba ta taɓa yarda cewa man ƙosai zai tuƙa mota ba. Ta ɗauka dai yarinyar karatu ne ya yi mata yawa, amma sabulun yana kumfa.

“Mama, lafiya kuwa? Kin faɗa fa,” in ji Bernadette, tana ɗaure bakin jarka.

“Tsufa ne, 'yata. Ke kuma yaya haukar taki? An sami wanda ya yarda ya zuba ƙosai a tankinsa?”

Bernadette ta yi dariya ta jawo benci ta zauna. “Mama, kina raina ni. Yanzu ina da masu janareta biyar, da masu injin niƙa. Har mai babban mota ina da shi, ɗaya. Ki tsaya in nuna miki abu.”

Ta buɗe jakarta ta fito da ƙyalle biyu, ta kawo su dab da fuskar tsohuwar. Ɗaya baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ɗayan ya yi dusu-dusu, kamar farar rigar da aka sa kwana biyu.

“Mota ɗaya ne, Mama. Na ɗaure farin ƙyalle a sanda, na tara a bakin salansa, direba ya taka totur na ƙirga goma. Wannan baƙin, dizal na gidan mai ne. Wannan kuma nawa ne. Baƙin nan da kike gani, shi ne mutane ke shaƙa, shi ne yake zama a ƙirji. Nawa yana ƙonewa sosai, kamar busasshen ice da aka yi wa fifita, shi ya sa toka ba yawa. Kuma babu farar wuta a ciki, wannan warin da ke sa ido ruwa.”

“To ai kin gama da duniya,” in ji Kuburat. “Sai a ba ki sarauta.”

“A'a, ban ce ya zama iskan Aljanna ba. Akwai wani iska da ido ba ya gani, mai kama maƙogwaro, shi ba ya raguwa, wani lokaci ma yana ƙaruwa kaɗan. Mun auna da na'ura a makaranta. Kuma mota yana shan nawa fiye da dizal. In sanyin Jos ya zo kuma sai ya daskare kamar man shanu, dole a haɗa da dizal. Wannan direban ma ya sha wahala, sati biyu na farko filta uku ya canza, don man yana wanke dattin da ya kwanta. Sai da na sa ya je bakanike ya rage masa injekta, don an buɗe shi kamar famfon unguwa. Rabin aikin ma wannan ne ya yi, gaskiya. Amma mutumin bai yi fushi ba ko sau ɗaya.”

Kuburat na jin ta da rabin kunne, tana kwashe doya. Bernadette kuwa in ta fara zancen manta ba ta da birki.

“Abin dariya, Mama, ni ba zan iya cika masa tanki ba. Motan da ke zuwa Fatakwal, ina zan samu wannan mai? Ya ce ba komai. Ya sa aka ɗaura masa ƙaramin tanki a gefe, da ɗan famfo. Jarka ɗaya kawai yake saya duk sati. Daga kasuwa yake tashi da nawa, in ya wuce hawan nan naku ya fita gari, sai ya juya famfo ya koma dizal. Na ce, oga, wannan wane irin wahala ne? Ya ce akwai wata tsohuwa a hanyansa da hayaƙinsa ke damu. Duk ranan da ya wuce sai ta tashi tsaye ta ɗaga fuska tana tsine masa, sannan ta yi ta tari, yana kallo ta madubi har ya hau sama. Ya ce shekara da shekaru yana haƙuri da tsinuwan, amma tarin ne ya kasa jurewa, bana ya ƙaru. Wai ba wani hanya da babban mota zai bi, to gara ya wuce shiru ba ta sani ba.”

Matsamin ya tsaya a cikin mai. Kuburat ta ce, “Salansar motar, a ina take?”

“A sama, a tsaye. Sai da na hau kan mota kafin na tara ƙyallen. Kin san shi ne?” Bernadette ta dubi titi, ta dubi hawan, ta dubi tsohuwar da ke gabanta, dariyar ta bar fuskarta. “Mama. Ba dai ke ba ce?”

“Doyata za ta ƙone,” in ji Kuburat. Ta kwashe ta tsaf, ta zuba a kwando. Sai da ta gama ta ce, “Yana nan lafiya?”

“Lafiyansa ƙalau. Jiya ma ya zo.”

“Duk Talatar nan yana wucewa?”

“Ko ɗaya bai fasa ba.”

Sau biyar ke nan ya wuce ta gabanta, taku goma tsakaninsu, tana zaune tana kallon sama kamar wadda aka aika neman wata. Shi kuma yana can sama a kujerar ubansa yana ganin ba ta tashi ba, yana cewa alhamdu lillahi, ta huta da shi. Shekara bakwai tana bin sa da addu'a yana karɓa a matsayin tsinuwa, kuma bai fasa biyowa ba. Ta yi fushi da shi saboda wautarsa, ta yi fushi da kanta fiye da haka, don ta san wanda ya koya masa tsammanin tsinuwa daga bakinta.

“In babu hayaƙi, da me ake gane motar?” ta tambaya.

“Da hanci mana. In ya wuce sai ki ce ana suya. Yaran kasuwa har tsokanansa suke, wai motan ƙosai. Manki ne fa a ciki, Mama, da na wasu. Ban san yadda ba ki ji ba.”

Ba ta ji ba don tun asuba take zaune a cikin wannan ƙamshin, ya shiga gyalenta da gashinta da fatarta. Mai suya ba ta jin ƙamshin suya. Ta gane haka ba tare da an faɗa mata ba.

“In kira shi?” in ji Bernadette, ta riga ta fito da waya. “Ina da lambansa.”

“Ki mayar da abin nan jaka. In kika faɗa masa ko kalma ɗaya, kada ki sake zuwa karɓar maina.” Har a wannan hali girman kan bai sake ta ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ba ta so a kawo mata shi a waya kamar saƙon kaya. Ita ta kore shi da bakinta, ita ya kamata ta nemo shi.

Washegari Talata ba ta jiƙa wake ba. Ta yi wanka sau biyu, ta buɗe akwati ta ciro atamfar da ba ta taɓa zuwa wurin suya da ita ba, ta bar kasko da murhu da jarkar mai a ɗaki. Kujerarta kaɗai ta ɗauka. Ta zauna a gindin hawan tun hantsi, hannu biyu a cinya, ba ta san inda za ta ajiye su ba. Wurin ya yi mata faɗi. Kwastomomi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, inuwa ta tsaya a gabanta, ta ce, “Yau babu suya, a yi haƙuri.” Wani ya tambaya ko rasuwa aka yi, ta ce a'a. Wani ɗan keke ya ce ko Iya ta yi miji ne ta ci ado haka, ta ce ubansa ne ya aiko. Kafin azahar ta faɗi “yau babu suya” ya fi sau talatin.

Da babu wuta a gabanta sai ta ji warin titin yadda yake. Kowace babbar mota ta wuce sai ta bar mata ɗaci a harshe da yaji a ido. Ashe abin da take haɗiya ke nan shekara da shekaru. Ta daure, ta riƙa jan iska da hanci a hankali, tana tari, tana sake ja. An yi sallah an sallame. Tirela ta wuce, tifa ta wuce, wata motar shanu ta wuce da nata warin. Ta fara tunanin ko yarinyar nan zuƙi ta yi mata, ko kuma hancin ma ya bi idon.

Sai ga shi. Ƙamshin mai da ya sha wuta, da ɗan ƙaurin wake a ƙarshensa, ya sauko mata daga sama a wurin da babu kasko ko ɗaya. Wata babbar inuwa na wucewa a hankali, tana nishi. Kuburat ta miƙe da sauri har kujerar ta faɗi. Ba ta san inda tagar direba take ba, sai ta ɗaga hannu biyu sama tana kaɗawa, ta buɗe baki ta kira sunan da ƙarfinta duka.

“Jide! Jide!”

Hon ɗin wani ɗan keke ya haɗiye kiran. Inuwar ta ci gaba da hawa, ta ƙanƙance, ta narke cikin sauran inuwoyi. Matar direba ce ita, ta san babu mai tsayar da mota da lodi a tsakiyar hawa, in ya tsaya ba zai iya tashi ba. Ta san haka sarai, amma sanin bai hana zuciyarta faɗuwa ba. Ta tsaya da hannu a sama har ƙamshin ya watse, warin dizal ya dawo. Mutane na kallonta. Ta laluba ta tayar da kujerar ta zauna.

Ta ba shi minti biyar, ta ba shi goma. Ta ce a ranta bai gani ba. Ko ya gani ya ɗauka tsinuwar ce ta ƙaru har da hannu. Ko kuwa ya gane sarai, ya ga shekara bakwai ta yi yawa a goge ta da kaɗa hannu. In haka ne ba ta ga laifinsa ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon atamfarta da ba ta ganin zanenta, tana tunanin doguwar hanyar komawa Laranto da kujera a ka.

Wata inuwa ta zo ta tsaya a gabanta, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Kuburat ba ta ɗago ba.

“Yau babu suya,” ta ce. “A yi haƙuri.”

Inuwar ba ta tafi ba. Ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har ta miƙe a kan ƙasar bakin titi, rub da ciki, yadda 'ya'yan Yarbawa ke gaida iyayensu, goshi dab da yatsun ƙafarta.

“Iya mi,” in ji shi da Yarbanci, wato uwata.

Muryar ta yi kauri, ba wadda ta sani ba ce. Ta miƙa hannu ta taɓa kan. Gashin da ta sha kitsa masa da wasa yana yaro babu shi, sai sanƙo mai zufa, da wani tabo a bayan kunne da ba ta san lokacin da ya same shi ba. Ta bi fuskar da yatsu, ta ji gemu, ta ji ruwa.

“Na ga babu wuta,” ya ce, bai ɗago ba. “Na ce ko ciwon ne ya tashi, shi ne na ajiye mota a saman hawa na sauko. Na san kin ce kada in tsaya a gabanki. Ki yi haƙuri, yanzu zan tafi.”

“Ai ba a tsaye kake ba,” in ji ta. “Wawa. Ɗan wawa. Da tsine maka nake yi duk shekarun nan, da ka kai yau? Wa ya gaya maka haka ake tsinuwa?”

Ba ta iya ƙarasawa ba, kuka ya ƙwace mata, tari ya biyo baya, ta riƙe kansa da hannu biyu kamar za a ƙwace. Shi ma kafaɗunsa na girgiza. 'Yan keke suka rage gudu suna leƙe, babu wanda ya yi hon.

Da numfashinta ya dawo ta share fuska da gefen gyale, ta yi tambayar da kowace uwa ke yi. “Ka ci abinci?”

“Tun shayin safe,” ya ce.

Ta juya dama inda kwandon doya yake zama, hannunta ya taɓa iska. Ta juya hagu. Ɗanta ya zo gabanta da yunwa bayan shekara bakwai, ita da ta ciyar da rabin Farin Gada, kuma ba ta da ko ƙosai ɗaya da za ta sa masa a hannu.